Gwaggo Rikoda Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da suka wayi gari ba su da abin yi, ni mai tsara kiɗan nan da ke zaune a saman shagon tela nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa ganina tsugune a bakin titi ina miƙa wa kwata makirfo ya girgiza kai ya wuce, rasuwar abokiyar aikina, rikodata mai cin kaset, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika makonni kaɗan da suka wuce, ranar Talata da hantsi, a kan teburin aikina, tsakanin kofin shayi da tulin wayoyi, bayan doguwar jinyar da ta yi a gabanmu ba tare da mun sani ba.

Wani dattijo maƙwabcina ya ja mini kunne kada in kuskura in yi wa ƙarfe da roba irin addu'ar da ake yi wa ɗan Adam. Na ji kuma na bi, don haka babu addu'a a wannan sanarwa. Baƙin cikin dai nawa ne, shi kam ban ga mai hana ni ba.

Kafin in yi nisa gara in faɗi abin da ke cin raina, kada a ce tsufa ne ya fara taɓa ni har nake kukan na'ura. Cikin abin da marigayiya ta bari akwai kaset guda mai ɗauke da muryar matata, wadda ta rasu 'yarmu tana rarrafe. Ba ni da muryarta a ko'ina sai a wannan kaset. Kuma tun tana raye na yi mata alkawarin ba za a taɓa jin sa ba sai a cikin Gwaggo. Yanzu ga kaset a hannuna, Gwaggo kuma ta tafi.

Babu wanda ya san shekarun marigayiya, domin takardar da ke manne a bayanta ta goge tun kafin mu haɗu. Na same ta a wurin mai kayan gwanjo, tana zaune tsakanin wani dutsen guga da fanka marar fiffike. Lokacin ina saurayi, ba ni da komai sai kunne da taurin kai. Baƙa ce, mai nauyin bulo, da madaurin kafaɗa na fata da wata 'yar jar fitila a goshi. Ba ta fara aiki sai an danna maɓallai biyu tare, da yatsu biyu, da ƙarfi. Sai ta ce, “Ƙwas!” ta ɗan ja numfashi, “sssss,” daga nan duk abin da ya motsa a ɗakin ya shiga cikinta.

Matata ce ta raɗa mata suna. Akwai wata gwaggonsu da ba ta sa baki a hira, tana gefe kamar mai gyangyaɗi, amma washegari za ta maimaita maka duk abin da ka faɗa, har da tarin da ka yi a tsakiyar magana. Ranar da na kunna wa amarya abin da muka yi ta faɗa a kan wayoyin da nake bazawa a tsakar ɗaki, sai ta riƙe baki ta ce wannan ai Gwaggo ce aka kawo mata gida. Sunan ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Ga waɗanda ba su san sana'ata ba, ni ba mawaƙi ba ne. Idan na rera waƙa, kajin maƙwabta ma kan canja wuri. Aikina shi ne in bi sautin da mutane suka saba da shi har suka daina ji, in kama shi, in gina kiɗa a kansa. Keken ɗinkin telan da ke ƙasana, ƙyauren banɗakinmu mai kuka, ɗigar famfo a bokitin ƙarfe, injin niƙa idan ya ƙoshi yana neman tsayawa, ruwan sama a kan kwano lokacin da bai yanke shawarar sauka ba. Gwaggo ce ke kamo su. Daga nan in rataya ta a kafaɗa mu tafi situdiyon abokina, wanda kowa ke kira Injiniya, a jona ta da waya, ta amayo abin da ta haɗiya, ni kuma in ɗora piyano da ganga a kai.

Da haka muka fitar da faifanmu na farko. Waɗanda suka saye shi za su iya shiga motar haya ɗaya, har a samu wurin kaya. Na biyu ya ɗan fi shi sa'a, domin wani gidan rediyo ya ɗauki kiɗa ɗaya daga ciki yana sa shi kafin sanarwar rasuwa, ba tare da ya tambaye ni ba. Shekaru aka yi mutane na jin ɗigar famfon gidana suna zubar da hawaye. Na so in je in yi rigima, sai na tuna ban taɓa samun masu saurare da yawa haka ba, na zauna.

Marigayiya mai haƙuri ce, kowa shaida ne. Ta faɗa kwata ta fito. Rana ta dake ta, ruwa ya jiƙa ta, ɓera ya ci madaurinta, ba ta taɓa kai ƙara ba. Ba ta zaɓen wanda za ta saurara, yadda take ba babban makaɗi kunne haka take ba tukunyar da ke tafasa. Akwai ranar da wani mai gadin masana'anta ya kama mu muna ɗaukar kukan ƙofarsu ta ƙarfe, ya rantse mu 'yan leƙen asiri ne, ya ce sai na kunna masa abin da na sata. Na kunna. Ya tsaya da sandarsa yana jin ƙofar da yake buɗewa kullum tun yana da baƙin gashi. Da ta ƙare sai ya yi gyaran murya ya ce in maimaita, wai bai gama bincike ba.

Zamani ya juya, kaset ya zama abin dariya. Injiniya ya cika situdiyonsa da kwamfuta, ya yi ta fama da ni in yar da Gwaggo. 'Yata da ta girma ta kama aikin koyarwa ta sayo mini wata 'yar na'ura mai kama da sabulun wanka, wadda ke ɗaukar sauti fes, ba ƙura ba tari. Na gode mata, na gwada, na ajiye a aljihun tebur. Ita ce kuma ta koma tana ɗora mini kiɗa a intanet, tana karanto mini abin da mutanen nesa ke cewa. A 'yan shekarun nan, da ƙafata ta daina son yawo, sai na koma ina tono tsofaffin kaset ina gina sabon kiɗa a kansu. Aka yi ta yabo. Wani mai gabatar da shiri ya ce kiɗana ya girma, ya yi nauyi, ya samu natsuwar dattijai. Na karɓi yabon hannu bibbiyu, har na sayi sabuwar hula.

Yanzu sai maganar kaset ɗin nan. Wata rana da rana tsaka, muna sabon aure da jaririya, na ajiye Gwaggo a bakin ƙofa tana ɗaukar famfo. Matata ba ta sani ba, ta zo ta shimfiɗa kayan guga kusa da ita. A kaset ɗin ana jin ɗigar ruwa, sai ƙarar dutsen guga a kan zane, sai ita tana rera wani abu da hanci, babu kalma ko ɗaya, wani ɗan kiɗa da ban taɓa jin sa a bakin kowa ba. Can sai ta ɗaga murya.

“Mai kiɗa, ka ci abinci kuwa? Ko ƙarar famfon ce za ta ƙosar da kai yau ma?”

Sai ta yi dariya. Dariyar na tsaka sai ta katse.

“Au! Wannan jar fitilar fa? Gwaggo ɗauka take? Kai, ka ji tsoron Allah! Wallahi kada in ji muryata a faifanka, kada in ji ta a gidan kowa. In za ka ji, ka ji a nan, a cikin Gwaggonka.”

Ana jin muryata daga nesa ina dariya ina cewa, “Na yi alkawari.” Sai jaririya ta tsala kuka a ɗaki, uwar ta ce, “Ina zuwa, uwata, ina zuwa.” Takun ƙafa, ƙyaure, sai famfo ya ci gaba da ɗigarsa har kaset ya ƙare. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba.

Na riƙe alkawarin. Kaset ɗin bai taɓa taka situdiyo ba, bai taɓa shiga wata na'ura ba, Injiniya ma labarinsa kawai yake ji. 'Yata ce kaɗai ta saurare shi bayan ni, ranar da ta dawo daga makarantar firamare ta tambaye ni yaya muryar mamanta take. Ban ga laifi ba tunda ita ma tana ciki. Daga nan ta riƙa zuwa tana jingina da teburin, tana jiran wurin da za a ce mata ana zuwa.

Ni kuwa na mayar da shi abokin shan shayin la'asar. Ba kullum ba, don ina tsoron zaren kaset ɗin ya gaji, amma duk ranar da gidan ya yi mini faɗi nakan saka shi. Idan ta tambaya ko na ci abinci, nakan amsa mata da baki. Wata rana in ce na ci, wata rana in ce ban ci ba tukuna, wata rana in yi mata ƙarya kamar yadda na saba. Abin da ya riƙa ba ni mamaki shi ne yadda tambayar ke canjawa tare da ni. Ina matashi, zolaya nake ji a ciki. Da na fara furfura sai na ji ta rage gaggawa. A 'yan shekarun nan kuwa a hankali take tambayata, da murya mai kauri, irin ta macen da ta san gwiwar mijinta na ciwo, dariyar ma daga ƙirji take fitowa. Na ɗauka ni ne na ƙara hankali nake ƙara fahimtarta. Har nakan ce a raina, ga shi dai ba ta nan, amma tare muke tsufa.

Ciwon ajalin marigayiya ya fara da ƙananan abubuwa. Sai an ɗan mare ta a gefe kafin ta tashi. Idan aka ce ta mayar da kaset baya sai ta yi nishi, “uuuwww,” ta tsaya a rabin hanya, har na ɗauke mata wannan aikin na koma juya kaset da biro. Na kai ta wurin mai gyaran rediyon da ake kira Dakta, wanda shagonsa ke ƙarƙashin wani bene, cike da gawarwakin rediyo har rufi. Ya goge ta, ya ɗiga mata mai, ya ce a rage mata aiki. Na rage. Na daina fita da ita, na ɗinka mata riga a wurin tela saboda ƙura.

Ranar Talatar, na gode Allah ba kaset ɗin matata ne a cikinta ba, na ƙyauren banɗaki ne. Tana cikin juyawa sai ta ce, “rrrr,” ta ce, “rr,” sannan ta ce, “tak.” Jar fitilar ta dushe a hankali. Wani ɗan wari ya tashi kamar an ƙona gashi. Na mare ta, na canja batir, na jona ta da wuta, na girgiza ta, na kira sunanta a gaban kofin shayi ba kunya. Na sauko da ita a rungume, tela ya ga fuskata ya tsayar da kekensa.

Dakta ya kwance bayanta ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire tabaransa ya ajiye a kan tebur.

“Yallaɓai, sai haƙuri. Injin da ke juya kaset ya ƙone ƙurmus, robar ma ta narke ta koma kwalta.”

“A sa wani mana, Dakta. Ko nawa ne.”

“Masu yin irinsa sun daɗe da rufe shago. Kuma ko na tsinto wani na cusa mata, jikin ne kawai zai zama nata. Tafiyar ta wani ce.”

Ban gane nauyin wannan magana ba a lokacin. Na dai tattara sukurorinta a aljihu na dawo da ita gida.

Marigayiya ta bar kwalaye cike da kaset, waɗanda yanzu suka zama marayu, wasu da suna a jikinsu, wasu ita kaɗai ta san abin da ke cikinsu. Ta bar makirfo ɗaya mai ɗaure da zare a wuya, da biron da ya yi mata hidima a ƙarshen rayuwarta, da batura sababbi da ba ta samu ci ba. Ta bar 'yar na'urar nan mai kama da sabulu, wadda take a matsayin jika, ko da yake ba su taɓa shiri ba. Ta bar ni, ta bar 'yata. Sai kuma kaset ɗin nan, wanda na yi kwanaki ina fito da shi ina juyawa a hannu ina mayarwa. La'asar ta yi ta zuwa tana wucewa, ina shan shayi babu mai tambayata komai.

'Yata ce ta gaji da ganina haka. Ta zo daga gidan mijinta ta zauna a kan hannun kujera, yadda na hana ta tun tana ƙarama.

“Baba, Mama ta ce a cikin Gwaggo. To Gwaggo ta mutu. Haka za ka bar ta a aljihun tebur har zaren ya manne?”

“Alkawari na yi.”

“Ta ce kada a ji ta a gidan kowa, ai nan gidanta ne. Ni ma fa uwata ce, Baba. Ba kai kaɗai aka yi wa rasuwa ba.”

Na yarda bisa sharaɗin ba za a fita da kaset daga ɗakin ba, kuma baƙon kunne ba zai ji ba. Injiniya ya kawo wata rikoda mai lafiya da ya adana a situdiyo, wadda ya rantse tafiyarta daidai take kamar ranar da aka ƙera ta. Ya jona, ya nuna wa 'yata maɓallin, ya sauka wurin tela ya ba mu wuri. Mutumin kirki ne, duk da surutunsa.

'Yata ta danna. Babu “ƙwas,” babu jan numfashi. Famfo ya fara ɗiga, na ji kamar yana sauri, na ce ko zuciyata ce. Ina kallon ƙasa ina jiran muryar da na sani. Sai na ji daga gefena, da wata siririyar murya mai gaggawa, an ce, “Ka ci abinci kuwa?”

Na ɗago a fusace na dubi 'yata. “Ki bari mana mu ji! Yanzu ne lokacin tambayar abinci?”

Hannunta na kan bakinta. Ta girgiza kai. “Baba, ban yi magana ba.”

Daga lasifika wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, dariyar 'yata sak, wadda nake ji a gidan nan tun tana makaranta. Ta yi faɗan jar fitila da sauri kamar ana korarta. Wani yaro marar nauyin murya ya ce ya yi alkawari, shi ma ban gane shi ba sai daga baya.

Ban buƙaci kowa ya yi mini bayani ba, sana'ata ce. Na fizgo kaset ɗin ƙyauren banɗaki na saka. Ƙyauren da ya yi shekaru yana yi mini gurnani kamar bijimin sa, wanda na gina kiɗa guda a kansa aka yi ta yabo, ashe ɗan tsiwa ne kawai, “ƙiii,” kamar kowane ƙyaure. Gwaggo gajiya take yi. Shekara bayan shekara injinta na rage gudu, kaɗan-kaɗan yadda kunne ba zai kama ba, duk abin da aka ɗauka tun tana da ƙarfi sai ta riƙa mayar da shi a hankali, da kauri. Natsuwar dattijan da aka ce kiɗana ya samu, ciwonta ne. Wannan bai dame ni ba, su masu yabon su ji da shi. Abin da ya zaunar da ni a ƙasa shi ne matata. Matar da ta yi furfura tare da ni, mai tambayata a hankali, ba ta cikin kaset. A cikin Gwaggo take. Wadda ke cikin kaset yarinya ce da ba ta kai 'yata shekaru ba.

Aka kira Injiniya ya hau. Da ya ji abin da ya faru sai ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, kwamfuta na rage gudun sauti yadda ake so. Ya koma ya ɗauko tasa. Don kada alkawari ya ƙarasa karyewa, ya sa mini abin saurare a kunne ni kaɗai, shi yana kallon zane-zanen da ke motsi a fuskar kwamfuta, ba ya jin komai. Ya ɗora yatsana a kan wani maɓalli mai zamewa.

“Ja shi ƙasa a hankali. Inda ka ji ta, ka tsaya ka gaya mini.”

Na ja. Yarinyar ta ɗan rage sauri, amma yarinya ce har yanzu. Na ƙara ja, ta zama wata mata da ban sani ba, mai mura. Na ƙara, ta koma namiji. Na dawo sama, na sake sauka. Wani wurin tambayar ta yi kusa amma dariyar ba ita ba ce, wani wurin dariyar ta kusa amma rerawar ta mutu. Gwaggo ba rage gudu kawai take yi ba, tana da wata 'yar rawa a murya idan kaset ya zo tsakiya, tana da numfashinta, da tsohuwar lasifikarta da ta tsage a gefe. Ni da na ci abinci da kunnena tun ina saurayi, ni da nake gane famfon gidana cikin famfo goma, na yi ta zame yatsa sama da ƙasa ina neman matata har shayin da aka kawo ya huce, har Injiniya ya daina tambaya. Daga ƙarshe na cire abin daga kunnena na ce masa ya bari. Ya ce mu sake gwadawa gobe. Mun sake, har sau da yawa, kuma kullum abin da nake tunawa na muryar sai ƙara dushewa yake, don waɗannan baƙin muryoyin sun fara hawa kansa.

'Yata kuwa murna take, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce tun tana ƙarama take jin muryar wata dattijuwa tana ce mata tana zuwa, ba ta taɓa iya haɗa ta da hoton yarinyar da ke rataye a bango ba. Yanzu hoto da murya sun haɗu. Ta sa an juye mata a waya, ta ce ita ba kowa ba ce, 'ya ce. Ban hana ta ba. Ta tsaya gaban madubi tana maimaita “ina zuwa, uwata,” tana kuka tana dariya, tana cewa, “Baba, ashe muryarta na ɗauko, ba ka taɓa gaya mini ba!” Ban gaya mata ba don ban sani ba. Ita ta samu uwa a wannan makon, ni kuma na sake rasa mata, kuma wannan karon babu ko kabarin da zan je.

Na gwada sauraron kaset ɗin ni kaɗai a rikodar Injiniya, da shayina, da la'asar. Yarinyar ta tambaya ko na ci abinci. Ba ni take tambaya ba, wani yaro take tambaya mai baƙin gashi da ke can bakin famfo. Na ji kunyar in amsa, tsoho da ni. Na kashe.

Game da jana'iza, iyalai sun tsayar da ranar Asabar da la'asar, a ɗakin da marigayiya ta yi aiki. Za a mayar mata da sukurorinta, a sa mata rigarta, a naɗe ta da zanen da aka yi guga a kansa ranar nan, a ɗora ta a saman kabad inda ɓera ba ya kaiwa. Dakta ya nemi a ba shi lasifikarta da maɓallanta don ceton wasu marasa lafiya, an ba shi haƙuri. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya zo da sukundireba, kada kuma a kawo labarin wani mai gyara a wani wuri wanda ba a taɓa kai masa abu ya gagare shi ba, an je wurinsa. Ba za a yi shiru na minti ɗaya ba, shirun da ke gidan ya isa. Tela ya yi alkawarin zai taka kekensa a ƙasa har a gama, don ta fi son wannan sautin.

Za a karɓi gaisuwa a nan saman bene. A hau a hankali, matakala ta uku tana kuka, kuma yanzu babu mai ɗauka.

Sanarwa daga ni mai kiɗa, a madadin 'yata da sauran marayu. Roƙo ɗaya nake yi ga masu zuwa ta'aziyya. A yi mini kowace irin gaisuwa, a ce yaya haƙuri, a ce yaya aiki, amma don Allah kada kowa ya tambaye ni ko na ci abinci. Jiya 'yata za ta tafi gida, ta kai bakin ƙofa ta juyo ta tambaye ni, da muryar nan. Na buɗe baki, na rasa wa zan amsa wa, har ta gaji da jira ta ja ƙyaure.